Lev Artsimovich, Wanda Ya Ɗaure Wuta da Maganaɗisu

An haifi Lev Artsimovich a birnin Masko a 1909, ya gama karatun kimiyya a jami'ar Minsk a 1928. A 1951 gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta ɗora shi a kan wani jan aiki, watau a kunna irin wutar da ke cikin rana a nan duniya don a sami lantarki.

'Yan'uwana ɗalibai, ga yadda abin yake. Rana tana samun zafinta ne daga haɗewar ƙwayoyin iskar haidirojin. Kafin su haɗe a nan ƙasa, sai an dafa iskar ta kai digiri miliyan 100, ta zama abin da ake kira filasma. To, wace tukunya ce za ta ɗauki wannan? Babu ita. Sai aka yi dabarar riƙe filasmar da ƙarfin maganaɗisu cikin wata na'ura mai siffar gammo, sunanta tokamak, yadda ba za ta taɓa bango ba. Amma duk da haka zafin yakan sulale. Duk wanda ya kwana a ɗakin kwano da hunturu a nan Babban Mutum ya san hura wuta daban, ɗaki ya riƙe ɗumi daban. Wannan riƙon ɗumi shi ya yi ta fama da shi sama da shekara 20.

Abin da ya sa na zaɓe shi, ba ya yarda da labari mai daɗi sai an auna. A 1952 ma'aikatansa suka ga wata alama, suka zaci an dace. Ya sa aka sake bincike, ashe ba ita ba ce.

A 1968 ya ba da sanarwa cewa na'urarsu T-3 ta kai digiri miliyan 10, ta kuma riƙe zafin wajen kashi 1 cikin 100 na daƙiƙa. Kada ku yi dariya, a lokacin wannan ba ƙaramin abu ba ne. Masanan Amurka suka yi shakka. Maimakon gardama, sai ya gayyato masanan Ingila daga Culham, ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Suka zo da na'urarsu ta hasken leza a 1969, suka auna, suka tarar gaskiyarsa ce. Shekara na zagayowa, masanan Princeton a Amurka suka mai da tasu na'urar tokamak.

Ya rasu a 1973. Babbar na'urar ITER da ƙasashe suka haɗu suke ginawa a kudancin Faransa tokamak ce, ko da yake har yanzu babu gidan da ke samun wuta ta wannan hanya.