Gorgeous George (1915–1963): Ɗan Kokawar da Mawaƙan Rok Suka Yi Koyi da Shi

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi rayuwar George Raymond Wagner, ɗan kokawar Amurka da ya yi suna da laƙabin Gorgeous George, tun daga haihuwarsa a 1915 har zuwa mutuwarsa a 1963. An duba yadda ya shigar da kiɗa da ado da cika baki cikin sana'ar kokawa, da yadda wannan salo ya tsallaka zuwa dandamalin mawaƙa da fagen dambe. Maƙalar ta nuna cewa kusancin da ake gani a yau tsakanin kokawar Amurka da kiɗan rok ya samo tushe daga aikin wannan mutum, kuma shi kansa bai ci moriyar abin da ya shuka ba.

1.0 Gabatarwa

A yau ba baƙon abu ba ne a ga ɗan kokawa a Amurka ya tuɓe kayan fage ya hau dandamali yana jagorantar mawaƙan rok, kamar yadda Chris Jericho yake yi da ƙungiyarsa ta Fozzy tun 1999. Haka kuma da wuya a ga ɗan kokawar da zai shigo fage ba tare da taken kiɗansa na tashi ba. Wannan dangantaka tsakanin sana'o'in biyu tana da mafari, kuma duk wanda ya bi sawunta zai tarar da Gorgeous George a kusa da tushe.

Kafin a shiga tarihinsa, ya dace a fayyace irin kokawar da ake magana a kai. Ita ce wadda matasa ke kira resilin. Ta bambanta da kokawar gargajiya, domin masu shirya wasa sukan tsara wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fage. Duk da haka, kaye da faɗuwa da ciwon jiki na gaske ne. Aikin ɗan wasa shi ne ya tsuma 'yan kallo har su dawo mako mai zuwa da kuɗinsu. Saboda haka akan raba 'yan wasa gida biyu: na kirki, wanda jama'a ke mara wa baya, da mugu, wanda suke biyan kuɗi don su ga an kayar da shi. A wannan gida na biyu George ya kafa tarihinsa.

2.0 Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi George Raymond Wagner ranar 24 ga Maris, 1915, a wani ƙaramin gari mai suna Butte da ke jihar Nebraska. Iyayensa talakawa ne, kuma neman abinci ya sa suka yi ta ƙaura, daga Nebraska zuwa Iowa, daga bisani suka yada zango a birnin Houston na jihar Texas yana ɗan yaro. A wata unguwar ma'aikata ya tashi, inda yara kan shirya kokawa a tsakaninsu.

Yana da shekara 14 ya bar makaranta don ya taimaki gida. Wannan ya zo daidai da 1929, shekarar da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, ayyuka suka yi wuya. George ya shiga ƙananan ayyukan ƙarfi, sannan ya fara kokawa a rumfunan masu wasanni da ke yawo gari-gari, inda ladan nasara bai wuce 'yan sulalla ba. A irin waɗannan rumfuna ya koyi dabarun kamu da kaye na gaske, ya kuma fahimci yadda ake juya zuciyar taro. Kafin ya cika shekara 20, Morris Sigel, babban mai shirya wasannin kokawa a Houston, ya fara saka shi cikin jerin 'yan wasansa.

A ƙarshen shekarun 1930 George ya koma arewa maso yammacin Amurka, ya ci kambunan yanki a 1938 da 1939. Abokan sana'arsa sun shaide shi da ƙwarewa. Sai dai ba shi da girman jikin da ke jan ido: tsawonsa kimanin santimita 175 ne, nauyinsa kuma bai kai kilo 100 ba. Ƙwararru masu baƙin wando da baƙin takalmi irinsa sun yi yawa, kuma ba wanda ya yi arziki a cikinsu.

3.0 Yadda Aka Ƙirƙiro Gorgeous George

Sauyin rayuwarsa ya faro ne daga aure. A 1939 ya auri Betty Hanson a garin Eugene na jihar Oregon, aka kuma yi bikin a cikin dandamalin kokawa. Ganin yadda jama'a suka yi cincirindo, ma'auratan suka maimaita bikin a wasu garuruwa. Daga nan George ya gane cewa abin da ke faruwa kafin a kama kokawa yana iya kawo kuɗi fiye da kokawar kanta.

A lokacin akwai wani ɗan wasa da ake kira Lord Patrick Lansdowne, wanda kan shigo fage da alkyabba da hadimai, yana kwaikwayon sarautar Ingila. George ya ari wannan dabara, shi da Betty suka faɗaɗa ta. Wajen 1941 ya fara bayyana da alkyabba mai ƙyalli, yana ɓata lokaci wajen ninke ta a hankali, 'yan kallo kuwa suna ihu don haushi. Laƙabin Gorgeous, wanda ke nufin mai tsananin kyau, da ba'a aka fara jifansa da shi, shi kuwa ya karɓe shi hannu bibbiyu, har a 1950 ya mayar da shi sunansa a hukumance.

Da ya koma birnin Los Angeles ƙarƙashin mai shirya wasa Johnny Doyle, salon ya cika ya batse. Ya tara gashi, ya rina shi fari kamar azurfa, ya nannaɗe shi irin na matan fim, ya kafe shi da ƙananan makaman gashi masu ruwan zinare waɗanda yakan cire ya jefa wa 'yan kallo. Kafin ya fito, hadiminsa kan riga shi shiga cikin shigar alfarma, ɗauke da madubi da tulun feshi, ya feshe dandamali da turare kamar mai kore ƙazanta. Sai a haska fitila mai launin shunayya, a saki taken Pomp and Circumstance na mawaƙin Ingila Edward Elgar, wanda Amurkawa suka saba ji a bikin yaye ɗalibai. George ya taho yana taku ɗaiɗai, yana duban jama'a a wulaƙance. Idan alƙalin wasa ya zo duba jikinsa, sai ya ƙi yarda a taɓa shi har sai an feshe hannun alƙalin. Da an buga ƙararrawa kuwa, sai wannan ɗan gaye ya rikiɗe ya zama mai ha'inci: jan gashi, tsokane ido, da duka a bayan idon alƙali.

Ana lissafa shi cikin na farko-farkon waɗanda suka mayar da kiɗan shiga fage al'ada. Muhimmin abin lura shi ne zamanin da ya yi wannan aiki. Amurka ta fito daga Yaƙin Duniya na Biyu, kuma siffar namiji a idon jama'a ita ce ta soja: gajeren aski, ƙarancin magana, rashin ado. George ya ɗauki duk abin da wannan al'umma ke ƙyama ga namiji ya yafa, sannan ya riƙa kayar da jarumanta. Fushin da ya tayar shi ne jarinsa.

4.0 Zamanin Talabijin da Ganiyar Shahararsa

Da George ya zo shekara goma kafin lokacinsa, da wataƙila sunansa bai wuce 'yan garuruwa ba. Amma ya yi gamon katar da shigowar talabijin gidajen Amurka. A 1950 kimanin kashi 9 cikin 100 na gidajen ƙasar ne ke da akwatin talabijin. Zuwa 1960 sun kai kusan kashi 87. Sababbin tashoshi na neman shirye-shirye masu araha, kokawa kuwa ba ta buƙatar komai sai kyamara a gefen dandamali. A ƙaramin allo mai fari da baƙi, farin gashin George da ƙyallin alkyabbarsa sun fi komai fitowa. Ya fara bayyana a talabijin a watan Nuwamba na 1947, kuma cikin ɗan lokaci ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da aka fi sani a ƙasar.

A 1947 ya kayar da Enrique Torres ya karɓi kambun Los Angeles. A 1949 ya fito a fim ɗin Alias the Champ. A watan Fabrairu na wannan shekara aka kai shi zauren Madison Square Garden na New York, wanda ya yi shekara 12 bai karɓi kokawa ba, sai dai zauren bai cika ba, kuma marubuta labarin wasanni na birnin sun yi masa ba'a. Ranar 26 ga Mayu, 1950, ya kayar da Don Eagle a Chicago ya ɗauki ɗaya daga cikin kambunan duniya na lokacin, kafin Lou Thesz ya yi galaba a kansa a watan Yuli. A ganiyarsa yana samun fiye da dala 100,000 a shekara, abin da ya sa shi cikin 'yan wasan da suka fi kowa samu a zamaninsa.

5.0 Tasirinsa a Kan Mawaƙa da 'Yan Dambe

George bai yi sana'ar waƙa ba, amma yaran da suka tashi suna kallonsa su ne suka zama mawaƙan shekarun 1950 da 1960. Daga gare shi suka ga cewa mai wasa yana iya ƙirƙirar wa kansa suna da siffa da tufafi, ya kuma tsokani jama'a da gangan har tsokanar ta zama talla.

James Brown ya bayyana cewa daga George ya samo dabarar alkyabbarsa. A ƙarshen wasa, yayin waƙar Please, Please, Please, yakan durƙushe kamar wanda ƙarfinsa ya ƙare, sai mai gabatar da shi, Danny Ray, ya yafa masa alkyabba ya nufi waje da shi, shi kuwa ya yar da ita ya koma ga makirufo. Duk wanda ya san kokawa zai gane hadimi da alkyabba da ɗan wasan da ya faɗi ya sake miƙewa.

Bob Dylan kuma, a littafin tarihin rayuwarsa Chronicles na 2004, ya ba da labarin yadda yana matashi yana kiɗa a garinsu Hibbing na jihar Minnesota, ba wanda ya kula da shi, sai George ya ratso da tawagarsa, ya dube shi ya ƙyafta masa ido. Dylan ya nuna cewa wannan ɗan kulawa ya ƙarfafa masa gwiwa na tsawon shekaru.

Mafi shahara cikin waɗanda suka yi koyi da shi shi ne Muhammad Ali. A watan Yuni na 1961, yana da shekara 19, sunansa kuma Cassius Clay, ya je Las Vegas don dambe da Duke Sabedong. Kamar yadda Ali ya sha faɗa, a can ya ji George yana zuba kirari da barazana a gidan rediyo, sannan ya je ya ga yadda zaure ya cika da masu son ganin an rufe masa baki. Daga nan ya ɗauki cika baki da yabon kyawun kansa a matsayin hanyar sayar da tikiti.

A cikin kokawa ma zuriyar salonsa ba ta yanke ba. Randy Savage ya riƙa shiga fage da taken Elgar ɗin nan. A tsakiyar shekarun 1980, haɗin gwiwar mawaƙiya Cyndi Lauper da Lou Albano da tashar MTV ya share fagen WrestleMania ta farko a 1985, inda kiɗan rok da kokawa suka haɗu a fili.

6.0 Faɗuwarsa da Mutuwarsa

Daga tsakiyar shekarun 1950 manyan tashoshin talabijin suka fara janye kokawa daga shirye-shiryensu, masu kwaikwayon George suka yawaita, abin da ya kasance sabo ya zama gama-gari. Aurensa da Betty, wadda suka gina sunan tare, ya mutu. Ya sake aure da Cherie Dupré, wadda ta riƙa raka shi fage, wannan ma bai ɗore ba. Shan giya ya yi masa katutu. Dukiyar da ya zuba a gonar kiwon talotalo a Beaumont da wani gidan abinci da shaye-shaye a Van Nuys, duk a Kalifoniya, ba ta tsare shi daga talauci ba.

Da kasuwa ta ja baya, sai ya fara saka abu mafi daraja da ya mallaka a caca, wato gashinsa. Ranar 12 ga Maris, 1959, a zauren Maple Leaf Gardens na Toronto a Kanada, Whipper Billy Watson ya kayar da shi, aka aske shi a gaban jama'a. Ranar 7 ga Nuwamba, 1962, a zauren Olympic na Los Angeles, ya sake saka gashinsa a kan abin rufe fuskar ɗan wasan da ake kira The Destroyer, ya sake shan kaye, aka sake aske shi. Daga wannan wasa tauraronsa bai sake tashi ba. Likitoci sun gano ciwon hanta a jikinsa, suka umarce shi da barin fage.

Ranar 24 ga Disamba, 1963, ya samu bugun zuciya, ya mutu bayan kwana biyu, ranar 26 ga Disamba, yana da shekara 48, hannunsa babu komai. An binne shi a maƙabartar Valhalla da ke North Hollywood. A 2010 kamfanin WWE ya saka sunansa cikin jerin gwarazan da yake girmamawa, kuma Betty, tana da shekara 97, ita ta karɓi karramawar.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna yadda yaron da ya bar makaranta a Houston ya gano cewa ƙiyayyar 'yan kallo ma haja ce, ya kuma tsara ta da kiɗa da tufafi da kirari a daidai lokacin da talabijin ke neman abin nunawa. James Brown da Bob Dylan da Muhammad Ali kowannensu ya ɗauki wani ɓangare na wannan darasi ya kai shi fagensa, suka kuma yi suna da ya zarce nasa nesa ba kusa ba. Shi kuwa George, da shekaru suka ja, jama'a suka saba da abin da ya kawo, sai ya rasa abin sayarwa in ban da gashin kansa. Manazarta wasannin kwaikwayo da waƙa za su amfana idan suka dubi rayuwarsa wajen fahimtar yadda ake gina siffar ɗan wasa, da kuma abin da ginin kan jawo wa mai ita.