GEORGE EASTMAN: AKAWUN BANKIN DA YA SA KYAMARA A HANNUN KOWA

Daga Wakilinmu na Arewa, Kafanchan

Da wuya ka shiga ɗakin ɗan Arewa mazaunin Kudu, ko a Agege da Idi-Araba cikin Ikko, ko a Sabo ta Badun, ko a Fatakwal, ka rasa wani tsohon hoto a jikin bango ko a ƙasan akwati. Wani na mahaifinsa ne sanye da kakin soja ko na reluwe, wani kuwa na mahaifiyarsa ne ranar aure. Kafin zuwan wayar hannu, hoto shi ne shaidar da mutum kan sa cikin wasiƙa ya aika gida don a tabbata yana nan lafiya. Ga shi kuma yanzu samari sun fara tono tsofaffin kyamarorin fim na iyayensu suna neman mai koya musu. Saboda haka a wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin mutumin da ya fitar da ɗaukar hoto daga hannun gwanaye kaɗai, ya sa ta a hannun ɗan koyo, watau George Eastman na ƙasar Amurka, mai kamfanin Kodak.

TASHINSA

An haifi Eastman ran 12 ga watan Yuli, 1854, a wani ƙaramin gari mai suna Waterville cikin Jihar New York. Mahaifinsa yana da makarantar koyon aikin akawu da ciniki a birnin Rochester, inda iyalin suka koma da zama. A shekarar 1862 uban ya rasu, bai bar wani abin kirki ba, har ya zama sai uwar ta riƙa saukar da baƙi 'yan haya a gida tana dafa musu abinci kafin a sami na sakawa a baki. Ga kuma 'yar'uwarsa guda da ciwon shan inna ya nakasa. Yana da wajen shekara 14 ya bar makaranta, ya kama aikin masinja a wani kamfanin inshora a kan dala 3 a mako. Da dare yakan zauna ya koya wa kansa lissafin kuɗi, har a 1874 ya sami aikin ƙaramin akawu a wani banki na Rochester.

WAHALAR ƊAN KOYO

A shekarar 1877 ya yi niyyar tafiya hutu Santo Domingo, sai wani abokin aikinsa ya ba shi shawara ya tafi da kayan ɗaukar hoto. Ya kashe kusan dala 50 ya sayi kayan, ya kuma biya wani mai hoto, George Monroe, dala 5 don ya koya masa. A nan ne ya ga abin da ɗan koyo ke sha.

A zamanin nan babu fim. A kan faifan gilashi a ke ɗaukar hoto, kuma mai ɗaukar ne da kansa zai shafa wa gilashin magani, ya tsoma shi cikin ruwan sinadarin azurfa a cikin duhu, ya sa a kyamara, ya ɗauki hoton, sa'an nan ya wanke shi nan take tun maganin bai bushe ba. In ya bushe, aiki ya ɓaci. Don haka duk inda mai hoto za shi, sai ya tafi da ƙaton akwatin kyamara, da ƙafafunsa uku, da tanti mai duhu, da kwalaben magani, da gilasai, da tulun ruwa, kaya dai na jaki guda. Tafiyar Santo Domingo ba ta yiwu ba, amma tun daga ran nan Eastman ya ƙudura a ransa sai ya rage wannan wahala.

Cikin mujallun Ingila ya karanta labarin wata sabuwar dabara da wani likita, Richard Maddox, ya fito da ita a 1871, ta gauraya sinadarin azurfa da wani danƙo da a ke samu daga fata da ƙashin shanu. In an shafa wannan a gilashi, yana iya bushewa a ajiye shi sai ranar da a ke bukata. Shekara uku Eastman yana aikin banki da rana, da dare kuma yana dafe-dafen magani a ɗakin girkin mahaifiyarsa, wani lokaci barci ya kwashe shi a ƙasa da tufafinsa. A 1879 ya je Landan ya yi rajistar wata na'ura da ya ƙera ta shafa wa gilasai magani da yawa a lokaci guda. A 1880 ya kama hayar ɗaki a wani bene ya fara sayarwa, a farkon 1881 kuma wani attajiri mai sana'ar bulalar dawaki, Henry Strong, ya zuba kuɗi suka kafa kamfani. Cikin shekarar nan ya bar banki.

Ba a daɗe ba sai jarrabawa ta zo. Gilasan da ya sayar suka lalace a hannun 'yan kasuwa, ba sa kama hoto. Maimakon ya yi gardama, sai ya karɓe su duka ya yi alkawarin musanya su, abin da ya kusa karya kamfanin. Daga baya aka gane laifin danƙon ne, an canja irin wanda a ke kawo masa. Sai a 1925 masanan Kodak suka gano asirin abin, watau danƙon shanun da suka ci wasu irin ganyaye yana ɗauke da ɗan ƙibiritu kaɗan, wanda shi ke ƙara wa maganin ƙarfin kama haske. Kuɗi sun tafi, amma ya sami amana a wurin masu saye, ita ce kuwa ta riƙe shi.

FIM DA KODAK

Gilashi yana da nauyi, yana kuma fashewa. A 1885, tare da William Walker, ya fito da takarda mai magani wadda a ke naɗewa kamar zare a kwarkwaro. Manyan masu hoto ba su karɓe ta sosai ba, domin hoton gilashi ya fi fita tsaf. Da ya ga haka sai ya juya wajen mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba.

A 1888 ya fito da wani ɗan akwati da a ke riƙewa a hannu, ya sa masa suna Kodak. Kalmar ba ta da ma'ana a kowane harshe, shi ya ƙaga ta don gajeruwa ce, kowa kuma yana iya faɗinta. A kan sayar da ita dala 25, da fim na hoto 100 a ciki. Aikin mai ita uku ne kawai: ya ja zare, ya murɗa mabuɗi, ya danna maɓalli. In fim ya ƙare sai ya aika da kyamarar ɗungum zuwa Rochester da dala 10, a wanke, a buga hotunan, a sa sabon fim a komo masa da ita. Watau dai an raba aikin biyu, mai sauƙin a hannun mai saye, mai wuyar a masana'anta. A 1889 kuma aka sami fim mai haske kamar gilashi amma mai lanƙwasuwa, wanda ma'aikatan Thomas Edison suka yi amfani da shi wajen fara hotunan majigi.

Duk da haka dala 25 kuɗin masu hali ne. A watan Fabrairu na 1900, wata guda bayan Turawa sun kafa tutarsu a Lakwaja, aka fito da Brownie, akwatin kwali da a ke sayarwa dala 1, a Ingila sule 5, fim ɗinta kuma na hoto 6 ne. Don yara aka yi ta, aka kuwa sayar da fiye da 100,000 a shekarar farko. Dabarar cinikin ita ce a sayar da kyamara da araha, a ci riba a fim da wanki, domin mai kyamara ba shi da makawa sai ya komo.

Jikokin wannan akwati ne suka iso ƙasashenmu. Seydou Keita na Bamako, wanda hotunansa suka zaga duniya, da Brownie ya fara, wadda kawunsa ya ba shi a 1935. J. D. Okhai Ojeikere na Nijeriya, mai hotunan kitson mata, shi ma Brownie ya saya a 1950, wadda ko fitila ba ta da ita. A nan Kafanchan, wadda ta zama mahaɗar jiragen ƙasa a 1927, hanyar dogo ce ta kawo ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu, ta kawo kayan zamani irin wannan. Sannu a hankali ya zama ba a bikin aure, ko Salla, ko Kirsimeti, ko bikin Afan na Kagoro, ba tare da mai hoto ba.

MAGANAR FITILA

Abu guda da Kodak ta farko ba ta magance ba shi ne duhu. Hoton rana kaɗai ta ke iyawa. A 1887 wasu Jamusawa biyu suka haɗa garin walƙiya na maganiziyam, wanda a kan zuba a faranti a kunna masa wuta ya tashi fau kamar albarushi. Yana ba da haske, amma da hayaƙi, ya kuma ƙone mutane da yawa. Sai a 1929, a Jamus, aka fara sayar da ƙwan fitila mai walƙiya sau ɗaya a jefar. A 1931 Harold Edgerton ya soma aikin fitilar lantarki mai walƙiya sau da yawa, a jami'ar fasaha ta MIT, wadda da kuɗin Eastman aka gina sabon mazauninta. A 1965, bayan rasuwarsa da daɗewa, Kodak ta fito da kyamarar Instamatic mai ɗan akwatin fitila guda da ke ɗauke da ƙwai 4, kowanne yana walƙiya sau ɗaya.

Saurayin da ya gaji tsohuwar kyamara yau, wani ɓangare na aikin da Eastman ya ɗauke ya komo kansa. Ya sani hasken fitila yana raguwa da sauri: in ka ninka nisa biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne zai kai. Kowace fitila tana da lambarta, sai a raba ta da nisan wanda za a ɗauka, abin da ya fito shi ne lambar buɗin idon kyamara. In lambar 20 ce, mutum yana mita 5, a sa 4, in yana mita biyu da rabi, a sa 8. Yawancin tsofaffin kyamarori masu canjin ido ba sa son a wuce saurin 60 in ana aiki da fitila, in an wuce sai gefen hoto ya fito baƙi. Kada a buɗe bayan kyamara sai an naɗe fim, kada a bar fim a zafin mota, kada kuma a kwance tsohuwar fitilar lantarki, domin takan riƙe wuta ko an cire batir.

DUKIYA DA ƘARSHE

Ba a rasa abin faɗi game da shi ba. Wani limamin coci, Hannibal Goodwin, ya riga shi neman rajistar fim mai lanƙwasuwa tun 1887. Bayan Goodwin ya rasu aka yi ta shari'a, sai a 1914 kotu ta ba magadan haƙƙinsa gaskiya, Kodak ta biya dala miliyan 5. Gwamnatin Amurka ma ta kai kamfanin ƙara a kan danne abokan gasa, kotu ta same shi da laifi a 1915.

Amma wajen kyauta ba a cika samun irinsa ba. Daga 1912 ya riƙa raba wa ma'aikata wani kaso na ribar shekara, a 1919 kuma ya ba su hannun jari na dala miliyan 10 daga nasa. Ya ba MIT kimanin dala miliyan 20 a ɓoye, da sunan aro na Mista Smith, ba a san shi ne ba sai a 1920. Ya taimaki Jami'ar Rochester da makarantun baƙaƙen fata na Tuskegee da Hampton, ya kuma gina asibitocin haƙori na yara a Rochester, Landan, Rum, Paris, Brussels da Stockholm. Jimlar abin da ya bayar ta kai wajen dala miliyan 100. A 1926 ya zo Afirka, ya yi yawon daji a Kenya da bindiga da kyamara. A 1930 kamfaninsa ya raba kyamarori kimanin 500,000 kyauta ga yara 'yan shekara 12.

Bai taɓa aure ba, da mahaifiyarsa ya zauna har ta rasu a 1907. A ƙarshen rayuwarsa ciwon ƙashin baya ya kama shi, tafiya ta gagara. Ran 14 ga Maris, 1932, yana da shekara 77, ya harbe kansa a gidansa. Wannan ƙarshe ne da Musulmi da Kirista duka ba sa fata, Allah Ya sa mu cika da kyau. Gidan nasa ya zama gidan tarihin hoto tun 1949.

Kamfanin ya ci kasuwar duniya shekaru da yawa bayansa. Wani injiniyansa, Steven Sasson, shi ya haɗa kyamara marar fim ta farko a 1975, amma shugabanni suka yi sanyin jiki don tsoron kashe cinikin fim. Wasu suka riga su, har a 2012 Kodak ta nemi kotu ta kāre ta daga masu binta bashi. Ta farfaɗo a 2013, tana kuma ci gaba da yin fim a Rochester.

To, jama'a, wanda ke da irin wannan kyamara a gida kada ya yar da ita, ya nemi tsofaffin masu hoto na garinsu tun suna raye su nuna wa yara yadda a ke aiki da ita. Hotunan iyaye kuma a raba su da damshi da rana, a rubuta suna da gari da shekara a bayan kowanne da fensir, don jikokin da aka haifa a Kudu su san fuskokin mutanensu na gida.