Sergei Winogradsky

Sergei Nikolaevich Winogradsky (1856–1953) masanin ƙananan halittu ne da aka haifa a Kiev, a ƙasar Yukiren ta yau, lokacin tana ƙarƙashin Daular Rasha. Ana lissafa shi cikin waɗanda suka kafa ilimin bakteriyar ƙasa da ta ruwa.

Farkon rayuwa da karatu

Ya taso a gidan masu hali. Da fari kiɗan piyano ya koya a Saint Petersburg, kafin ya shiga jami'ar birnin a 1877 ya karanci kimiyya, ya kammala a 1881.

Bincike

A 1885 ya tafi Strasbourg aiki tare da masanin tsirrai Anton de Bary. A can ya sa ido kan Beggiatoa, bakteriya mai siffar zare da ke rayuwa a ruwa mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. A 1887 ya nuna cewa daga iskar da ke kawo warin, wato hydrogen sulfide, take samun kuzari. Kafin nan an ɗauka cewa hasken rana ko ragowar wasu halittu ne kaɗai ke ciyar da mai rai.

Bayan rasuwar de Bary a 1888 ya koma Zurich, inda ya binciki yadda amoniya ke zama nitrate a cikin ƙasa, sinadarin da amfanin gona ke sha. Masu bincike sun sha kāsa raba waɗannan bakteriya da sauran, domin abincin da aka saba renon ƙwayoyin cuta da shi hana su girma yake yi. Shi kuwa sai ya rene su da gishirin ma'adinai zalla, ya gano aikin hawa biyu ne: Nitrosomonas na mayar da amoniya nitrite, Nitrobacter ta ƙarasa.

Daga 1891 ya yi aiki a Cibiyar Gwaje-gwajen Likitanci ta Saint Petersburg, inda ya gano Clostridium pasteurianum mai kama naitirojin daga iska. Ya ajiye aiki a 1905 ya koma gonarsa.

Ƙarshen rayuwa

Juyin juya halin Rasha ya raba shi da dukiyarsa da ƙasarsa. A 1922 Cibiyar Pasteur ta ba shi ɗakin bincike a Brie-Comte-Robert, kusa da Paris. A nan ya dage cewa halin bakteriya ita kaɗai a kwalba daban yake da halinta a cikin ƙasa, inda take gogayya da wasu. Littafinsa Microbiologie du sol ya fito a 1949. Ya rasu a garin a watan Fabrairun 1953.