Louis Braille: Ɗan badukun da ya samar wa makafi rubutu

Wanda ya taɓa sayen maganin da aka shigo da shi daga Turai a kantunan Nima ko Maamobi, wataƙila ya ji wasu 'yan ƙuraje a jikin kwalin. Da yawanmu mun ɗauka ado ne. To, sunan maganin ne aka rubuta domin makaho ya shafa ya karanta, kuma tun 2005 dokar Tarayyar Turai ta wajabta haka. Wasu injunan zamani ma, kwamfuta ce ke sa su ɗiga ruwa mai danƙo a kan takarda, haske ya busar da shi.

Mai wannan rubutu shi ne Louis Braille, wanda aka haifa ranar 4 ga Janairu, 1809 a ƙauyen Coupvray kusa da birnin Paris a Faransa. Mahaifinsa baduku ne mai ɗinka kayan doki. Yana ɗan shekara 3 ya soki idonsa da basillar uban, ciwon ya kama ɗaya idon, kafin ya wuce shekara 5 ya makance.

Iyayen ba su ajiye shi a ɗaka ba, ba su kuma tura shi bara ba, abin da har yau muke gani a ƙofar masallatanmu ranar Juma'a. A 1819 suka kai shi makarantar makafi ta Paris. Littattafan can manya ne masu nauyi, haruffansu a kumbure, ana karantawa da ƙyar, rubutawa kuwa sai ta gagara. Da ya ga tsarin ɗige 12 na Charles Barbier, sai ya rage su zuwa 6, daidai abin da kan yatsa zai rufe a taɓawa guda. Daga ɗigen nan 6 ake fitar da alamomi 63. Shekararsa 15 a lokacin.

Ya buga tsarin a 1829, ya koyar a makarantar, amma hukuma ta yi ta jan ƙafa. Tarin fuka ya yi ajalinsa ranar 6 ga Janairu, 1852. Sai a 1854 aka amince da rubutun nasa.

A nan Ghana, makarantar makafi ta Akropong, wadda aka kafa a 1945, tana koyar da shi, haka ma ta garin Wa. Dattijon da bai shiga irinsu ba, ko ya shafa kwalin, sai ya jira jikansa ya dawo daga makaranta ya faɗa masa wanne ne na hawan jini.