Antonio Vivaldi: Fada mai goge, malamin marayu

Karatu: Zabura 68:4-6, Kolosiyawa 3:23-24

Ɗan'uwa mai karatu, ka taɓa shirin yi wa Ubangiji wani aiki, sai rashin lafiya ya rufe maka ƙofa? In haka ne, labarin yau naka ne.

An haifi Antonio Vivaldi a birnin Venis, cikin ƙasar Italiya ta yau, ran 4 ga Maris 1678. Da aka haife shi an ga kamar ba zai yi rai ba, sai ungozoma ta yi masa baftisma nan take a gida. Mahaifinsa mai aski ne da fari, daga baya ya zama makaɗin goge a babbar majami'ar Markus Mai Tsarki. A hannunsa yaron ya koyi gogen Turawa, wanda yake da tsirkiya huɗu, ana kuwa tokare shi da kafaɗa a ƙarƙashin haɓa, ba kamar namu mai tsirkiya ɗaya ba.

A shekara ta 1703 aka naɗa shi fada a ikkilisiyar Katolika, yana da shekara 25. Saboda jan gashinsa mutanen gari suka riƙa kiransa Jan Fada. Amma yana fama da ciwon ƙirji mai toshe masa numfashi, ba da daɗewa ba kuwa ya daina jagorantar sujada. Ka duba fa: shekara 10 yana shirin wannan hidima, ga ta ta kuɓuce masa.

Amma a cikin wannan shekara Allah ya riga ya buɗe masa wata ƙofa. Akwai wani gidan marayu a Venis mai suna Pietà. A jikin bangonsa akwai wata 'yar kafa inda uwar da ta rasa yadda za ta yi takan ajiye jaririnta, ta tafi ba wanda ya san ta. 'Yan matan da suka tashi a gidan ba su da sunan uba, ba gādo, ba dangi. Nan aka ɗauki Vivaldi aikin koyar da goge a watan Satumba 1703.

Kada ka ɗauka aikin mai sauƙi ne. Kowace shekara shugabannin gidan sukan jefa ƙuri'a a kan ko za su ci gaba da shi. A 1709 suka sallame shi. A 1711 suka sāke kiransa, ya dawo, a 1716 kuma suka sa shi shugaban kaɗe-kaɗe. Ya koya wa yaran, yana kuma rubuta musu sabon kiɗa daidai da ƙarfin hannunsu. A rayuwarsa ya rubuta wajen 500 na irin kiɗan nan da makaɗi ɗaya yake ja gaba sauran suna amsa masa, kamar mai ba da waƙa da 'yan amshi. Baƙi daga ƙasashen Turai sukan cika ɗakin sujada don su ji 'yan matan, su kuwa suna kaɗawa a bayan ragar ƙarfe, ba a ganin fuskarsu sosai. Ɗaya daga cikinsu, Anna Maria, ta gwanance har ya rubuta kiɗa fiye da 20 dominta. Daga baya ita ma ta zama malamar goge a gidan da aka yar da ita.

Sunansa ya fita duniya. An buga littafin kiɗansa a Amsterdam a 1711, har Johann Sebastian Bach na Jamus ya kwafi waɗansu yana koyo daga ciki. A 1725 aka buga kiɗansa a kan lokatai huɗu na shekara, wanda aka fi saninsa da shi yau. Ya kuma rubuta waƙoƙin yabon Allah domin marayun, kamar wadda ake kira Gloria.

Ba za mu ɓoye maka ba, zuciyarsa ta bi yabon manya da kuɗin gidajen wasa. Da mutanen Venis suka fara gajiya da salonsa, sai ya tashi a 1740 zuwa Viyena, yana sa zuciya ga sarki Charles na 6, wanda ya taɓa girmama shi. Sarkin ya mutu a watan Oktoba na shekarar. Vivaldi ya rasu a can cikin talauci a ƙarshen Yuli 1741, yana da shekara 63, aka binne shi ba wani biki. Aka manta da shi kusan shekara 200. Sai a 1926 aka gano tarin rubutunsa a wata makarantar ikkilisiya a arewacin Italiya, yanzu kuwa yana ajiye a birnin Turin.

Ka lura da wannan. Sarkin da ya dogara gare shi bai iya riƙe shi ba. Amma yawancin abin da ya rage mana daga gare shi ya fito ne daga shekarun da ya yi yana hidimar waɗanda ba su da kowa. Zaburar da muka karanta ta nuna mana Allah a matsayin uban marayu, Manzo Bulus kuma ya tuna mana cewa Ubangiji ne muke yi wa aiki, daga wurinsa ladanmu yake.

To, kai fa? Wataƙila ajin makarantar Lahadi aka ba ka, ko ƙungiyar mawaƙa ta yara, ko maraya ɗaya a gidanka. Wataƙila an taɓa sallamarka bayan ka yi aminci. Kada ka rena wurin, kada kuma ka bar shi don neman idon manya.

Addu'a: Ya Uba, ka ba ni zuciyar yin aminci a inda ka sa ni, ko da ba wanda ya gani sai kai. A cikin sunan Yesu, amin.