Louis Comfort Tiffany, Mai Fitilar Gutsattsarin Gilashi

A kasuwanninmu akan ga maƙera suna mayar da gwangwanin madara ko na tumatir ya zama fitilar aci-bal-bal. A garin Bida kuma, masu sana'ar gilashi suna narkar da tsofaffin kwalabe su yi duwatsun wuya da awarwaro. Akwai wani Ba'amurke da shi ma ya ga daraja a abin da wasu suke zubarwa, har sunansa ya zama sunan wata irin fitilar ado da duniya ta sani. Sunansa Louis Comfort Tiffany.

An haife shi a birnin Niyok ranar 18 ga Fabrairu, 1848. Mahaifinsa, Charles Lewis Tiffany, attajiri ne, yana cikin waɗanda suka kafa shagon kayan ƙawa da ya zama kamfanin Tiffany & Co., mai sayar da azurfa da lu'ulu'u. Kowa ya zaci yaron zai gaji shagon. Amma shi zane ne ya shiga ransa. Ya koyi zane a hannun George Inness da Samuel Colman, sannan ya ƙara ilimi a Faris. A wajajen 1870 ya zaga Arewacin Afirka, ya ga Maroko da Aljeriya da Masar. Hasken ranar waɗannan ƙasashe, da launukan tufafi a kasuwa, da adon gine-ginen Musulmi, sun zauna masa a zuciya. Ɗaya daga cikin zanensa da aka fi sani yana nuna ranar kasuwa a bayan ganuwar birnin Tanja.

Da ya koma gida sai hankalinsa ya karkata ga gilashi. A nan ne ya lura da wani abu da ya ba shi mamaki. Gilashi mai tsada, wanda aka tace sosai, ba shi da launin da ke ƙayatar da shi. Arahar kwalabe da tulunan gilashi da mata suke adana abinci a ciki kuwa suna da launi mai zurfi, domin akwai ƙurar ma'adinai da ba a tace ba a jikinsu. Don haka da irin waɗannan kwalabe ya fara gwaje-gwajensa. Ya roƙi masu masana'anta su daina tace gilashinsu ƙwarai, suka ƙi, domin a ganinsu wannan aibi ne. Tun da yana da kuɗin mahaifinsa a bayansa, sai ya shiga yin nasa gilashin. A 1893 ya buɗe masana'anta a unguwar Corona, ya ɗauko wani gwani daga Ingila, Arthur Nash, ya shugabanci aikin. Gilashin da suka fitar mai walƙiya kamar gashin ɗawisu sun ba shi suna Favrile.

Kafin wannan lokaci ya riga ya yi suna wajen ƙawata gidaje. Shi da abokan aikinsa suka yi wa marubuci Mark Twain adon gida a 1881, kuma a 1882 Shugaba Chester Arthur ya kira shi ya gyara ɗakunan fadar shugaban Amurka. Kamfaninsa ya yi ɗaruruwan tagogin gilashi masu launi na majami'u da manyan gidaje.

Aikin taga yana barin tarin gutsattsari. In an yanke babban gilashi, ƙananan ɓaraguzan da suka rage ba su da amfani a taga, alhali launinsu yana nan da kyansa. A daidai wannan zamani kuma wutar lantarki tana shiga gidajen masu hali. Tiffany ya san Thomas Edison, domin sun yi aiki tare a gidan wasan kwaikwayo na Lyceum a Niyok a 1885. Ƙwan lantarki yana da haske mai kashe ido in an bar shi tsirara, yana bukatar murfi. Ga gutsattsari a ƙasa, ga ƙwai yana neman sutura. A ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin ya fara sayar da fitilu masu murfin gilashi kala-kala.

Yadda ake haɗa murfin ya cancanci a tsaya a kansa, domin aiki ne na haƙuri. Da farko a zana hoton a kan wani katako da aka sassaƙa kamar kifaffiyar ƙwarya. Sai wata ma'aikaciya ta ɗaga gilashi a gaban haske, ta zaɓi daidai wurin da launinsa ya dace da ganye ko fure. Wata kuma ta yanke shi. Daga nan a naɗe bakin kowane yanki da siririn fallen jan ƙarfe, a manna shi a kan katakon da kakin zuma. In duka sun zauna a mazauninsu, sai a bi tsakaninsu da narkakkiyar dalma da kuza, su kama juna. Fallen jan ƙarfe ya fi sandar dalmar da ake sa wa tagogi sirantaka, shi ya sa ake iya haɗa yanki ƙanana ƙwarai a lanƙwasa su. Akwai fitila mai siffar furen wata shuka mai yaɗo, wistariya, wadda ke cin yanki kusan 2,000. Wasu suna da siffar bado, wasu saƙar gizo-gizo, wasu kuma mazari, ƙwaron nan mai fukafukai huɗu da ke shawagi a bakin rafi.

Mai karatu ya lura an ce ma'aikaciya. Tun 1892 kamfanin yana da sashen mata masu yankan gilashi, kuma wata mai suna Clara Driscoll ce shugabarsu. Dokar kamfanin ita ce duk wadda ta yi aure sai ta ajiye aiki. Fitilar mazari ta ci lambar yabo a babban bajekolin duniya na Faris a 1900, amma sunan Tiffany kawai kamfanin yake bugawa a jikin kayansa. A nawa ganin, wannan shi ne babban tabo a tarihinsa. Gaskiya ne shi ya samar da gilashin, shi yake duba aiki, kuma ya ba mata dama a zamanin da ba kowa ke ba su ba. Duk da haka, hannun da ya zana fitilun da suka fi jawo masa suna ba nasa ba ne.

Mahaifinsa ya rasu a 1902, Tiffany ya zama mai kula da zane a kamfanin iyalinsu. Ya gina katafaren gida mai ɗakuna 84 a tsibirin Long Island, ya kira shi Laurelton Hall. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya yayi ya canza, mutane suka koma son kaya marasa yawan ado, fitilunsa suka zama tsohon yayi. Kamfaninsa na gilashi ya karye a 1932. Shi kuma ya rasu ranar 17 ga Janairu, 1933, yana da shekara 84. A 1957 gobara ta ci gidan nasa. Wani tsohon ɗalibinsa, Hugh McKean, da matarsa Jeannette suka sayi abin da ya tsira, suka kai gidan tarihi na Morse a jihar Fulorida.

Daga baya kasuwar fitilun ta dawo, har a 2018 aka yi gwanjon wata mai siffar bado a kan fiye da dala miliyan 3. Clara Driscoll kuwa ta bar kamfanin a 1909 saboda aure, ta rasu a 1944 ba tare da jama'a sun san aikinta ba. Sai da masu bincike suka gano wasiƙun da take rubuta wa mahaifiyarta da 'yan'uwanta mata, inda take ba su labarin fitilun da take zanawa. A 2007 aka yi nunin ayyukanta a Niyok, aka rubuta sunanta a gefen fitilar mazari da ta wistariya.