Josephine Baker: 'Yar Aikin da Dior Ya Yi wa Ɗinki

'Yan uwa mata, ni yadi nake sayarwa, don haka in na ga hoton mace, kayan jikinta nake fara kallo. Ta haka na san Josephine Baker.

An haife ta a 1906 a garin St. Louis na Amurka, gidan talakawa baƙar fata. Tun tana 'yar shekara 8 take aikatau a gidajen Turawa. Rawa da waƙa ne suka kai ta Paris a 1925, ta yi suna, har ta zama 'yar ƙasar Faransa a 1937. Lokacin yaƙin duniya na biyu ta yi wa Faransa leƙen asiri, tana ɓoye saƙo cikin takardun waƙoƙinta.

A Paris akwai manyan gidajen ɗinki da ake auna mace, a yi mata riga da hannu, ita kaɗai. A 1947 Christian Dior ya fito da yayin matsattsen ƙugu da buɗaɗɗen siket. Wata rigar kan ci yadi 20, bayan shekarun da yadi ya yi wuya saboda yaƙi. Irin waɗannan kaya na Dior da Balmain ta tafi da su Amurka a 1951. Su ne jarinta, don mutane har kuɗi suke biya su ga shigarta.

To, da ta ga ana sonta, sai ta kafa sharaɗi: ba ta wasa a zauren da aka hana baƙar fata shiga. A Miami dole aka buɗe ƙofa ga kowa. Amma fa tsadar riga ba ta hana wulaƙanci ba. A shekarar nan, a gidan cin abinci na Stork Club da ke New York, aka bar ta zaune ba a kula ta ba. Ta fito ta tona, abin ya jawo mata asarar aiki.

Ta ɗauki riƙon yara 12 daga ƙasashe daban-daban a gidanta na Milandes. Sai dai kashewa ta fi samu, bashi ya ci gidan a 1968. Gimbiya Grace ta Monako ce ta samar mata matsuguni. Haka ta koma fage da tsufanta, ta rasu a Paris ran 12 ga Afrilu 1975, kwanaki kaɗan da fara sabon wasa.

A 2021 Faransa ta karrama ta a Panthéon, inda ake ajiye sunayen gwarazan ƙasar. Ita ce baƙar mace ta farko da ta samu wannan.